Fatawa: In ci bashin karatu don digirin koyarwa, alhali albashin malami bai taka kara ya karya ba?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, shekara huɗu ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gusau, albashina naira dubu 35. Na samu gurbin digiri a fannin koyarwa a wata jami'ar gwamnati, zan fara daga aji biyu, kuɗin makaranta kusan dubu 150 ne a shekara. Abokaina sun ce in nemi bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai bai wa ɗalibai bashin karatu, har da kuɗin kashewa da ake bayarwa duk wata. Mahaifina ya ce duk kuɗin da ya bi ta banki akwai ruwa a ciki, kuma wai wa ya taɓa yin arziki da alli har zai ci bashi a kansa? Wani abokina kuma ya ce in karɓa kawai, kuɗin gwamnati ne, babu mai biya. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, bari mu fara da tsoron mahaifinka, domin tsoro ne na mai kishin addini. Riba a bashi ita ce a sharɗanta ƙari a kan abin da aka ranta. Shi ya sa Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa rancen da yake jawo amfani ga mai bayarwa bai halatta ba. Wucewar kuɗi ta asusun banki ba ya mayar da shi riba, kamar yadda albashinka yake bi ta can kuma bai haramta ba. Abin dubawa shi ne sharaɗi. Dokar asusun NELFUND, wadda aka sa wa hannu a watan Afrilu na 2024, ta tsara cewa bashin ba shi da kuɗin ruwa: ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana bai wa ɗalibi naira dubu 20 a wata idan ya nemi na kashewa, biya kuma yana farawa ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda ya ci dubu 450 zai mayar da dubu 450. Wannan shi ne rance mai kyau da malamai suke kira ƙardul hasan, kuma halal ne. Ka karanta yarjejeniyar da idonka kafin ka amince. In ka tarar an shigo da sharaɗin ƙari saboda jinkirin biya, hukuncin ya canza. A Ingila da Amurka bashin karatun gwamnati yana tafe da ruwa, don haka kada wani da ke can ya ɗauki wannan amsa ya yi aiki da ita.

Wataƙila ka ce naira tana faɗuwa, abin da zan mayar bayan shekaru bai kai darajar abin da na karɓa ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin kuɗi ana biyansa da adadinsa, ba a ɗaure shi da hauhawar farashi. Babu laifi a kanka a nan.

Shi kansa cin bashi ba aibi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Hausawa ma sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma shi ɗin ne dai, tsira da aminci su tabbata gare shi, yake yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, har aka tambaye shi dalili, ya ce mutum idan bashi ya yi masa katutu, in ya yi magana sai ya yi ƙarya, in ya yi alkawari sai ya saɓa. To ka ga halaccin abu daban, ko ya dace da kai daban. A nan ne nake son mu zauna da alƙalami, saboda yawancin masu yi mini wannan tambaya suna tsayawa a "halal ne ko haram", su manta da "nawa ne, kuma shekara nawa".

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Shekara uku a dubu 150 ya kama dubu 450. Kuɗin kashewa, in ka karɓi dubu 20 duk wata tsawon wata 36, ya kama dubu 720. Ka lura, na kashewa ya fi na karatun yawa, kuma shi ne wanda ba ka jin fitarsa: kati, ɗan sahu, shayi da burodi, ya ƙare. Jimla miliyan 1 da dubu 170. Yanzu mu ƙaddara, misali kawai, ka samu aiki a naira dubu 90 bayan digiri. Za a riƙa cire dubu 9 a wata. In kuɗin makaranta kaɗai ka ci, wata 50 ka fita, wato shekara huɗu da 'yan watanni. In ka haɗa duka, wata 130 ne, shekara 11 ba kaɗan. A waɗannan shekarun ne za ka yi aure in ba ka yi ba, ka kama haya, ka yanka ragon suna, ka fara sayen maganin tsofaffi.

Abin da digirin zai ƙara maka shi ma a sa shi a ma'auni. A aikin gwamnati mai NCE yana farawa ne a matakin albashi na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma tsanin hawansa ya fi tsawo. Dokar 2022 ta mayar da ritayar malaman makaranta shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki, ka ga amfanin takardar zai daɗe. Sai dai mafi ƙarancin albashi da aka kafa a 2024, naira dubu 70, ga ka nan kana karɓar rabinsa, kuma digiri ba ya tilasta wa mai makarantar kuɗi ya ƙara maka ko sisi. Ka je ka tambayi malamai biyu ko uku masu digiri a jiharku nawa ke shigowa asusunsu bayan an yi yanke-yanke, ka yi lissafinka da wannan, ba da abin da aka faɗa a rediyo ba. Ka kuma duba karatun hutu ko na nesa, irin wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take gudanarwa, inda mutum yake karatu bai ajiye aikinsa ba.

Maganar mahaifinka cewa ba a arziki da alli, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba ta hana komai a shari'a. Yin lissafin albashi kafin shiga koyarwa ba ya ɓata ikhlasi. Annabi (SAW) ya ce mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah, ina ga lissafi da kimiyya? Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, koyar da yaran Madina shi ne fansarsa. Tun ran nan aikin malami yake da farashi.

Sai abokinka. Wannan shi ne wanda maganarsa ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙar. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa, wanda kuma ya karɓa yana nufin salwantar da ita, Allah zai salwantar da shi. Dukiyar gwamnati ba marar mai ita ba ce. Masu ita sun yi yawa ne har ba za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya ka nemi yafiya ba, kuma abin da ka mayar shi za a ranta wa ƙanenka gobe. Duk wanda ya cike fam ɗin nan da niyyar ba zai biya ba, haram ya ci tun daga naira ta farko, ko da babu ruwa a ciki. Haka wanda ya samu aiki ya ɓoye, ko ya yi rantsuwar ƙarya cewa ba shi da abin yi. Jinkirin mawadaci zalunci ne, in ji hadisi. Wanda kuwa ya nemi aiki bai samu ba da gaske, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ba shi haƙƙin a saurara masa har ya samu sauƙi, dokar ma ta tanadi hanyar neman ɗage lokaci.

Na taɓa halartar jana'izar wani malamin firamare a unguwarmu. An jera sahu, liman ya juyo ya ce duk mai bin mamaci bashi ya ga wansa. Bayan an dawo daga maƙabarta sai ga mai shagon bakin layi ya tsuguna gefen tabarma, ya zaro wani littafi da mai ya ɓata bangonsa, yana buɗewa yana jin kunya: garin masara, sabulu, kananzir, wata bayan wata. Bai kai a ce kuɗi ne mai yawa ba, amma sai da aka yi karo-karo kafin a share shafin. Wannan hoton nake gani idan na karanta hadisin Tirmizi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ko da doka ta tanadi yafiya ga wanda ya rasu, ka rubuta abin da ka karɓa da ranar karɓa, ka sanar da wani a gida, domin ayar bashi, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, rubutawa ta yi umarni.

Hukuncina a kan halinka: ya halatta ka karɓi bashin kuɗin makaranta da niyyar biya. Na kashewa shi ma halal ne, amma ban ba ka shawarar karɓarsa ba matuƙar za ka iya rufa wa kanka asiri da darasin yamma ko wata sana'a; in tilas ta sa, ka karɓa a shekarar da ta fi tsanani, ka bari a saura. Kafin ka cike komai, ka ɗauki wannan lissafi a takarda ka kai wa mahaifinka, ka zauna a ƙasa ka karanta masa, ka nuna masa inda aka ce babu ruwa. In ya gamsu, ka yi istihara ka nema. In bai gamsu ba, ka haɗa shi da malamin da yake jin maganarsa, kada ka tafi jami'a ka bar shi da zaton ɗansa yana cin riba.

Wallahu a'alam.