Ku Tambaya Mu Amsa: PES 2021 ko eFootball, wanne za a buga a gasar Sallah?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gem a Mabera, PS4 huɗu da PS3 biyu na ƙananan yara. Kowace shekara bayan ƙaramar Sallah muna shirya gasar ƙwallo, kuma tun da munka fara, PES muka bugawa, har munka tsaya kan PES 2021. To bana abu ya ɓaci. Samarin da sunka taso da eFootball cikin wayoyinsu sun ce ba su shiga in ba shi za a buga ba, wai PES 2021 gem ɗin tsofaffi na, sabo turken wawa. Su ko manyan, waɗanda sunka riƙe shagon ga tun zamanin PS2, sun ce da tsohuwar zuma aka magani, kuma randa na kawo eFootball za su koma wani shago a Gawon Nama. Har benci sun raba. Wanda ya ci kofin bara ma ya ce in anka canza gem ba ya kare kambunshi. Malam mi zan yi? Kuma tsakani da Allah wanne ya fi?

Daga mai shagon gem, Mabera, Sakkwato

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce tsakani da Allah, a hannuna PES 2021 ya fi daɗi. Ƙwallo tana da nauyi a cikinsa, kuma mai haƙurin tsara wasa yana cin ribar haƙurinsa. Sai dai ra'ayina ba zai haɗa maka bencin da ya rabu ba, don ba a kan daɗi suke faɗa ba.

Manyan naka suna da hujja, kada ka raina ta. Ranar 30 ga Satumba 2021 kamfanin Konami na Japan ya ajiye sunan PES, wanda ya yi shekara ashirin ana kiransa, ya fito da eFootball kyauta. Ba suna kaɗai aka canza ba, har injin da ake gina wasan a kansa, aka bar Fox Engine aka koma Unreal Engine. Abin da ya fito ranar nan abin kunya ne. Fuskokin Messi da Ronaldo sun zama abin dariya a intanet, gudun 'yan wasa ya karkace, kuma a kasuwar Steam ya zama wasan da masu bugawa suka fi kushewa a lokacin. Kamfanin da kansa ya ba da haƙuri, sigar da za a iya kira cikakkiya kuma ba ta zo ba sai Afrilun 2022. Mutum biyu da ke zaune gaban talabijin ɗaya kulob tara kacal aka ba su su zaɓa, Master League kuwa, wato ɓangaren da mutum ke riƙe kulob yana gina shi kaka bayan kaka, babu shi. Wanda ya yi ƙuruciyarsa yana renon su Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙirƙira da ake farawa da su a Master League, daga ƙaramin rukuni, ya san Man Red da London FC, sunayen da PES ya laƙaba wa Manchester United da Chelsea, ya sha dukan Adriano a PES 6, ka ce masa ya karɓi wannan a matsayin magaji? Da wuya.

Samarin kuma ba su ga wannan ranar ba. Sun tarar da eFootball a waya bayan an yi masa gyare-gyare, ba su biya ko sisi ba, da shi suke kwana da shi suke tashi, 'yan wasan da suke kallo a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar su ne a ciki da sababbin rigunansu. A wurinsu PES 2021 wasa ne da Messi ke Barcelona, Ronaldo ke Juventus. Su ma ba ƙarya suka yi ba.

Amma asalin ciwon yana cikin yatsu. Mai kofin bara ya yi shekaru yana koyon daƙiƙar da zai saki ƙwallo, da inda mai tsaron gida ke da rauni, da yadda zai ja ɗan baya ya rufe hanya. Duk wannan ilimin a hannunsa yake, ba ya ma tunani kafin ya danna. Ka ɗauki ɗan kabu-kabun da ya shekara goma kan babur, a wayi gari an mayar masa da birki inda giya take. Yaron da ya fara koyo jiya zai fi shi natsuwa, don shi ba shi da abin da zai manta. Zakaran naka ya san in an koma eFootball ɗan shekara goma sha biyar zai zura masa uku a gaban jama'a, ranar Sallah, da sabuwar shadda a jikinsa. Ba zai taɓa faɗa maka haka ba. Zai ce gem ɗin ne ba shi da kyau.

Kuma wannan rigimar ba a Mabera aka fara ta ba. Akwai wani wasan faɗa na Nintendo, Super Smash Bros. Melee, da ya fito a 2001. Yana da sauri ƙwarai, masu bugawa suka gano dabarun da sai an yi shekaru ana horo kafin a iya. A 2008 aka fito da magajinsa, Brawl, an rage masa sauri, an cire yawancin dabarun nan, har aka sa wani abu da ɗan wasanka zai yi tuntuɓe ya faɗi haka kawai yana cikin gudu, ba laifinka ba, ba ƙwarewar abokin karawarka ba. Jama'a suka rabu biyu, aka yi ta zage-zage shekara da shekaru. Mutanen Melee ba su tsaya zagi kaɗai ba, abin da ya sa nake ba ka labarinsu ke nan. Suka ci gaba da shirya gasanninsu da kansu, suna ɗaukar tsofaffin talabijin masu ƙeya a bayan mota zuwa zauren gasa, don a kansu wasan ya fi amsa hannu. A 2013 babbar gasar wasannin faɗa ta Evo da ake yi a Las Vegas ta Amurka ta ce wasan da magoya bayansa suka fi tara gudummawar binciken cutar kansar mama shi zai samu gurbin da ya rage. Mutanen Melee suka tara sama da dala dubu 90, suka shiga. Yau Brawl ya zama tarihi a fagen gasa, Melee kuwa ana nan ana bugawa.

A Koriya ta Kudu ma an yi. Wasan dabarun yaƙi na kwamfuta StarCraft: Brood War na 1998 ya kai har tashoshin talabijin suna nuna gasarsa kai tsaye, manyan kamfanoni na ɗaukar 'yan wasa da albashi. StarCraft II ya zo a 2010, zuwa 2012 aka mayar da ƙwararrun 'yan wasan kan sabon. Lee Young-ho, wanda ake kira Flash, da ake ganin ba a yi kamarsa ba a tsohon, ya koma sabon ya yi abin da zai iya, amma bai yi sarautar da ya saba ba. Ya ajiye a 2015, a 2016 ya dawo tsohon wasansa ya ci gaba da ɗaukar kofi. Ka lura da abu ɗaya a nan: Brood War ana iya haɗa kwamfutoci da kebul a ɗaki guda a buga, shi kuwa StarCraft II sai an bi ta kwamfutocin kamfanin a intanet.

Inda aka samu haɗin kai shi ne wasan harbi na Counter-Strike. Masu bugawa sun rabu tsakanin sigar 1.6 da ta Source tun 2004, sai da Global Offensive ya zo a 2012, aka gyara shi, aka zuba kuɗin gasa masu kauri, sannan ɓangarorin biyu suka haɗu. Kai ba ka da kuɗin Valve, kamfanin da ke da wasan, don haka bar wannan hanyar.

To ga shawarata. Babban kofin Sallah ka bar shi a kan PES 2021, ba don manya sun fi samari daraja ba, sai don yanayin da kake sana'a. PES 2021 yana kan faifai ko cikin na'urarka. Ka tada janareto, ka miƙa wa mutum biyu hannun gem, shi ke nan. eFootball kuwa rayuwarsa a intanet take. Ranar da ka tara mutane, rana ta take, fanka na hura iska mai zafi, janareto na shan mai, sai na'ura ta ce sai an sauke sabuntawa mai cin data kafin a shiga. Ko kuma kamfani ya rufe don gyara, ko sabis ya yi ƙasa ana tsakiyar wasan kusa da ƙarshe. Wa za ka kama? Kuma duk lokacin da suka ga dama suna iya sauya yadda ake tsaron baya ko saurin ƙwallo, wanda ya yi horo watan jiya ya tarar da wani wasan daban. Masu buga wasan harbi na Overwatch sun ga abin da ya fi haka: a Oktoban 2022 aka kashe na farkon ɗungurungum don a buɗe na biyu, wanda ya saya da kuɗinsa ma ba shi da inda zai buga shi. Faifanka babu mai kashe maka shi daga Tokyo.

Samarin kuma ka ba su nasu kofin na eFootball, a rana ta daban, a waya, tunda nan hannunsu ya faɗa. Kyautar ta zama daidai da ta manya. In ka ba wancan babban kofi ka ba waɗannan katin waya, ka riga ka gaya musu su 'yan rakiya ne, kuma su ne za su riƙe maka shago nan da shekara biyar lokacin da manyan suka yi aure, cefane ya hana su zama. Kada ka yarda da shawarar da na san wani zai kawo, wai zakarun biyu su kara gida da waje, wasa ɗaya a kowane gem. Kowa zai ci a gidansa, a tashi da gardamar da ta fi ta farko.

Wasu ƙananan abubuwa da kan ɓata gasa: facin da kuke sa wa PES 2021 don sabunta 'yan wasa da riguna ya zama iri ɗaya a na'urori huɗun, kuma kai ka sa shi da hannunka, don akwai masu shiga su ƙara wa ɗan gabansu gudu a ɓoye. A rubuta dokoki a manna a bango kafin a fara, musamman abin da za a yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. A tsaya in an kira salla, wannan ba sai na faɗa wa Basakkwace ba. Batun kyauta kuma, in daga kuɗin da 'yan gasa suka zuba za a fitar da ita, malamai da yawa suna ganin caca ce. Ka fitar daga aljihun shago ko ka nemi wani mai hali a unguwa ya ɗauki nauyi, ka kuma tambayi malaminku kafin ka buga sanarwa.

Manyan kuwa ka gaya musu gaskiya a bakina. Konami ba zai ƙara yi wa PES 2021 komai ba. Abin da ya raya Melee shi ne tsofaffin hannu sun zaunar da sababbi sun koya musu. In suna korar yaro daga benci suna ce masa ɗan waya, nan da 'yan shekaru su shida za su rage suna cin junansu. Ka rage kuɗin PES 2021 da hantsi lokacin da shago ba kowa, ka ga ko yaran ba za su taɓa ba.

Tambaya:

Malam barka da aiki. A ɗakinmu na makaranta kullum gardama ake, wasu sun ce FIFA ta mutu tun daga FIFA 23, wai FC wani gem ne daban. Haka ne?

Daga wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo

Amsa:

Ba haka ba ne, ɗalibi. Kamfanin EA ne ke yin wasan tun 1993, sunan kawai yake haya daga hukumar FIFA. A 2022 suka sanar da rabuwa, FIFA 23 ya zama na ƙarshe da sunan, a Satumban 2023 aka fito da EA Sports FC 24. Masu ginawa su ne dai, Firimiya da La Liga da gasar Zakarun Turai duk suna nan, don yarjejeniyarsu daban take. Bambancin FIFA 23 da FC 24 bai wuce irin wanda aka saba gani tsakanin shekara da shekara ba. Ku nemi wata gardamar, ko ku yi karatu.

Tambaya:

Salam Malam. Ƙanena ya kashe kuɗi masu yawa yana sayen 'yan wasa a wani abu wai Ultimate Team. Yanzu sabon gem ya fito, ya ce sai ya sake sabon zubi, har yana neman in ranta masa. Gaskiya yake faɗa ko wayo zai yi mini?

Daga wata yaya, Runjin Sambo

Amsa:

Hajiya, gaskiya ya faɗa miki, kuma gaskiyar ce abin takaicin. A Ultimate Team 'yan wasan da mutum ya tara ba sa binsa zuwa wasan shekara mai zuwa, kowa daga tushe yake sake farawa. Sannan mafi yawan kuɗin ba ɗan wasa ake saya da su kai tsaye ba, ƙunshi ne a rufe, sai ka biya ka buɗe ka ga wanda ya fito. Saboda haka ne hukumomin Beljiyam suka ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca, har EA, kamfanin wasan, ya daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin da shi a ƙasar a 2019. Kada ki ranta masa. Ana iya buga yanayin ba tare da an sa ko kwabo ba, sai dai a hankali ake tara 'yan wasa. In kuma katin bankinki ne ke maƙale a na'urarsa, ki sa ya cire shi a gabanki yau.