Haɗa garin kek a gida: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko haɗa garin kek da kanki ya fi sayen na kwali sauƙin kuɗi, kuma ko yana ajiyuwa. Ƙwarai ya fi. Abin da ke cikin kwalin nan galibi fulawa ce da sukari da bekin foda da gishiri, sai ɗan ƙamshi. Na daɗe ina haɗa nawa, kuma kek ɗina yana tashi yadda nake so.

Ga awon da nake bi: kowane kofi ɗaya na fulawa, wato kamar giram 125, ki sa masa bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi, gishiri kuma rubu'in cokalin. Ki ninka gwargwadon buƙatarki. Sai ki tankaɗe da rariya kamar sau uku, domin idan bekin fodar ta taru wuri guda, wani kwaɓin zai tashi, wani ya kwanta, har ki ji ɗaci a baki. Ni ba na zuba sukari a ciki, saboda sukarin da kek yake sha ba shi fankek ko biskit ke sha ba. Gari ɗaya ya ishe ni duka ukun.

Inda nake so ki kula sosai shi ne maiƙo. Wasu suna murza bota a cikin garin tun wajen haɗawa don su huta daga baya. Don Allah kada ki yi, sai dai in firji za ki ajiye. Maiƙo yana canza wari idan ya jima, kuma da zarar ya canza, duk garin ya tashi daga aiki, ribar da kike nema ta koma asara. Haka madarar gari mai maiƙo, haka fulawar alkama da ba a cire dusarta ba, su ma ba sa jure dogon zama. Bota da ƙwai da madara, ki bar su sai ranar gashi. Yis ma ki ajiye shi daban.

Kafin ki haɗa, ki gwada bekin fodarki: rabin cokali a ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana da ƙarfi, in ta yi shiru ki sake wata. Kada kuma ki musanya ta da bekin soda. Ita soda sai da abu mai tsami, kamar yogot ko ruwan lemun tsami, take aiki.

Wajen ajiya, danshi ne babban abin gudu, don shi ke kashe bekin foda tun tana cikin mazubi. Ki sami mazubi mai murfi gam, nesa da tururin girki, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, ki rubuta kwanan wata a jiki. Ki haɗa abin da za ki iya ƙararwa cikin wata biyu zuwa uku kawai. In kina tsoron ƙwari, ki sa fulawar a firiza na 'yan kwanaki tukuna, amma ki bari sanyin ya sake ta kafin ki buɗe murfin.