Tambaya da Amsa: Motar da ba ta tashi sai ta ga dama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 1996. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in ta sha rana, ko na tsaya shan mai bayan doguwar tafiya, sai kik ya yi ta juyawa ba ta kama ba. In na jira minti ashirin sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza batir da fulogi, ba ta sauya zani ba. In na kai ta gareji kuma lafiyarta ƙalau. (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayen kaya tukuna. Tunda kik yana juya injin da ƙarfinsa, tun farko batir ba shi da laifi. Irin wannan ciwo a lokacin da ya motsa ake kama shi, don haka kai ne za ka fara gwajin, ba mai wayarin ba.

Ran da ta ƙi tashi, ka kashe rediyo da fanka, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dasbod suke kamawa, kada ka buga kik. Ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfon mai da ke cikin tanki zai yi ƙara 'yar siririya ta kamar daƙiƙa 2 sannan ya yi shiru. In ba ka ji ta ba, zarginmu na farko babban rile ne, wanda ke ba famfon da kwamfutar injin wuta. Yana ƙarƙashin dasbod ta ɓangaren direba, kusa da sitiyari. A Honda na waɗannan shekaru dalmar da ta riƙe ƙafafunsa takan tsage; zafi ya buɗa tsagar wuta ta yanke, in mota ta huce ta koma ta haɗe. Ka buɗe ƙofofi iska ta shiga, ko ka ɗan ƙwanƙwasa rilen da bayan sukudireba. In ta tashi nan take, an gano ɓarawon.

Gyaran ba tsada. A zare rilen, a cire murfinsa, a duba bayan allon da ƙafafun suke manne a kai da haske mai kyau: za a ga tsaga kamar zobe kewaye da ƙafar. A narkar da tsohuwar dalmar a sa sabuwa a kowace ƙafa. Mun fi son haka a kan sayen na gwanjo, don shi ma shekarunsu ɗaya da naka.

In kuwa famfon ya yi ƙara, a gwada wutar fulogi tun motar tana da zafi. In babu tartsatsi, a duba distiributa, mai raba wa fulogi wuta, da koyil, mai samar da tartsatsin, don koyil da abin da ke kunna shi su ma zafi yana kayar da su.

Tambaya: Tawa kuma in na faɗa rami fitilu suna dushewa su dawo, wani lokaci kik ya yi “ƙas” kawai. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Wannan sako-sakon haɗi ne. A sa mitar auna wuta a batir: mota a kashe ya nuna wajen volt 12.6, tana aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. In wannan ya yi daidai, a sa tsinken mita ɗaya a kan negatif na batir, ɗayan a jikin injin, wani ya buga kik. Abin da ya haura volt 0.3 yana nufin wayar da ta haɗa batir da jikin mota da injin ta ci tsatsa ko notinta ya kwance. A kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris. Kan batir da ke juyawa da hannu a canza shi, kada a cusa masa ƙusa. In abin bai tafi ba, a bar injin yana aiki da fitilu a kunne, a riƙa girgiza wayoyi da akwatin fis ɗaya bayan ɗaya har fitila ta ƙifta.

Kuma kada ka yarda a cire kan batir injin yana aiki wai don gwada altaneta mai cajin batir. Hakan na iya ƙona kwamfutar motar.