Tambayoyinku: Da Gaske An Gano Halittu a Wata Mai Ƙanƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Katsina. Ɗalibaina sun zo mini da wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wai an gano halittu a wani wata mai ƙanƙara can nesa. Wata har ta ce ko aljanu ne. Me zan gaya musu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da ba ki kashe musu baki da "ku yi shiru mu ci gaba da darasi" ba.

Ki gaya musu kai tsaye cewa ba a gano kowace halitta ba, ko da ƙwaya ɗaya. Mai bidiyon 'yan kallo yake nema. Batun aljanu kuwa ba fagena ba ne, kuma ba su kumbunan binciken sararin samaniya suka je nema ba. Abin da masana ke fata ma ba wani dodo ba ne mai katon kai, ƙananan ƙwayoyin halitta ne irin su bakteriya, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu.

Amma maganar tana da tushe, kuma tushen ruwa ne.

Duniyar Mushtari, wato Jupiter, tana da wani wata mai suna Europa, wanda masanin taurari Galileo ya hango a 1610. Bai kai namu watan girma ba, kaɗan ya rage. Ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, kaurinta ana ƙiyasin kilomita 15 zuwa 25, sanyin samansa kuma ya kai digiri 160 ƙasa da sifili. Sai dai kumbon da aka sa wa sunan Galileo, wanda ya zagaya Mushtari daga 1995 zuwa 2003, ya auna maganaɗisun wurin, ma'aunin ya nuna akwai ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar. Ana ƙiyasin ya ninka ruwan dukkan tekunan duniyarmu sau biyu.

Ɗaliba mai kaifin ƙwaƙwalwa za ta tambaye ki: rana ta yi nisa haka, me ya hana ruwan daskarewa? Ki ba ta waya ta ƙarfe, ki ce ta yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, sannan ta taɓa wurin lanƙwasar. Za ta ji zafi. Haka Mushtari ke yi wa Europa. Kowane kwana uku da rabi watan na zagaya ta sau ɗaya, wani lokaci ya matso, wani lokaci ya ja baya, ƙarfin jan nan sai ya riƙa matse shi yana sakinsa, cikinsa ya ɗumama.

Ni dai in za a tambaye ni, hankalina ya fi kwanciya da wani ɗan ƙaramin wata na duniyar Zuhal, wato Saturn, mai zoben nan. Sunansa Enceladus, faɗinsa kusan kilomita 500 ne kawai. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa na feshi daga wasu tsagogi a kudancinsa, yana tashi sama ɗaruruwan kilomita. Ba sai an haƙa komai ba ke nan, tekun da kansa ke miƙo samfur. Cassini ya yi ta ratsa feshin nan, a Oktoban 2015 ma ya sauko har kilomita 49 daga saman ƙanƙarar. An samu gishiri, an samu sinadarai masu ɗauke da kabon, an samu ɓurɓushin silika da ke nuna ruwan zafi na gogar duwatsu a ƙasan tekun. A 2017 aka sanar da iskar haidurojin, a 2023 kuma aka sanar da fosfaras, wanda babu halittar da muka sani da ke rayuwa ba shi.

Haidurojin ɗin ne ya fi tayar da ƙura. A duniyarmu akwai ƙwayoyin halitta da ba ruwansu da hasken rana: su haɗa haidurojin da iskar kabon, su samu abinci, su fitar da iskar mitan. Suna nan cikin tumbin saniya, suna nan kuma a ƙasan teku. A 1977, kusa da tsibiran Galapagos, masu bincike suka nutse zurfin kusan mita 2,500 suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi cike da halittu, a wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Tun daga nan aka daina cewa rai sai inda rana ke haskawa.

Sai dai a yi hattara. Yawan haidurojin na iya nufin akwai abinci, yana kuma iya nufin babu mai cin sa, shi ya sa ya taru. Shi kansa mitan duwatsu da ruwan zafi na iya samar da shi ba tare da wata halitta ba. Cassini kuwa tun 1997 aka harba shi, kafin a san da feshin, don haka na'urorinsa ba na gano rai ba ne. A 2017 aka cusa shi cikin Zuhal da gangan ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa Enceladus da ƙwayoyin da ya kwaso daga duniyarmu.

Yanzu kumbuna biyu na kan hanya. Juice na Turai ya tashi a Afrilun 2023, zai isa Mushtari a 2031. Europa Clipper na hukumar NASA ta Amurka ya tashi a Oktoban 2024, ana sa ran isarsa a Afrilun 2030, ya gitta Europa kusan sau 50. Shi ma aikinsa ya duba ko halitta za ta iya rayuwa a wurin ne, ba ya kamo halitta ba. Duk wanda ya turo miki bidiyon "an gano" kafin lokacin, ki tambaye shi wane kumbo ne ya gano.

In makarantarku na da ƙaramin madubin hangen nesa, ki fita da yaran da dare lokacin da Mushtari ke sama. Za su ga ɗigo huɗu ko uku jere da ita, in huɗu ne, ɗaya daga ciki Europa ne. Su zana inda ɗigon suke, washegari su sake dubawa, za su ga sun sauya wuri.