Bencin roba mai akwati: da wace lamba zai shigo?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina cikin mota ne, in kun ji hon ku yi haƙuri. Ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, har sau biyu. Ka ce za ka ɗauko kaya daga Gwanzu ta ƙasar Sin, wannan bencin roba na zaman tsakar gida ko lambu, wanda in ka ɗaga mazauninsa akwai akwati a ciki na zuba tarkace, in ka juyo majinginar kuma sai ya koma tebur. Mutumin naka na can, mai sayar maka, ya rubuta maka 3926 a takarda a matsayin lambar kayan ta kwastam, wadda da ita ake yanke kuɗin fito, kana tambaya ko daidai ne. To ni abin da na ji a ƙasan maganarka shi ne: tunda abin nan aiki uku yake yi, ba zan iya zaɓar lambar da kuɗin fitonta ya fi sauƙi ba? Ai shi ne, ko? Kar ka ji kunya, duk wanda ya taɓa loda kwantena ya yi wannan tunanin. Amsar dai a'a ce.

Kuma 3926 ɗin nan ka goge ta tun yanzu. Ba daidai ba ce. Mutanen can ba su ne za su tsaya gaban kwastam ba, kai ne. Shi ya ga roba, ya buɗe babin roba, ya ɗauko lambar da ake jefa duk abin da aka rasa inda za a kai shi, shi ke nan ya sallame ka. Littafin lambobin nan ba haka yake tafiya ba. Hukumar kwastam ta duniya da ke Beljiyam ce ta tsara shi, tun 1988 ake aiki da shi, kuma lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko a Legas ko a Kwatano ko a Dubai. Mu a nan ana ƙara huɗu su zama goma. Babi na 39 shi ne na roba, gaskiya ne. Amma a farkon babin akwai bayani, na biyu, da ya jero abubuwan da ba sa shiga cikinsa ko da roba ce zalla, kuma a ciki har da kayan babi na 94, wato kujeru, tebura, gadaje da 'yan uwansu. Ka ga ke nan babin robar da kansa ne ya kore ka. Ba ra'ayin wani jami'i ba ne, a rubuce yake.

Sharaɗin babi na 94 kuwa mai sauƙi ne: abin a ƙera shi don a girke shi a ƙasa, a daɓe ko a turɓaya. Akwai 'yan kaɗan da aka yarda ko a bango aka maƙala su, kamar kabad da kanta, amma wannan bai shafe ka ba. Kuma ba ruwan littafin da cewa na waje ne ko na ɗaka. Kujerar da rana ke duka da wadda ke falo duk kujeru ne.

Wallahi wannan maganar ta tuno min da wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba, wasunku ma sun san shi. Lokacin ba a daɗe da kawo tsarin PAAR ba, wato takardar da kwastam ke ƙiyasta harajin kaya tun kafin su iso, an kawo shi ƙarshen 2013 ne. Mai ba da hayar kujerun biki ne, ya ce ya gaji da na gida masu karyewa, zai kawo nasa. Kujeru da tebura na roba, kwantena guda mai ƙafa arba'in. Ya zo ofishina da takarda an rubuta kayan amfanin gida na roba, 3924, gidan su kwano da bokiti da faranti. Kuma wai dabara, an cire ƙafafun teburan an sa a kwali daban, saman a kwali daban. Na ce masa Alhaji, wannan ba za ta ɓulle ba. Akwai ƙa'ida ta biyu a cikin ƙa'idoji shida na fassara littafin, ta ce kayan da ya zo a warware, ba a harhaɗa ba, ana ɗaukar sa tamkar an harhaɗa. Ya ce ni na cika tsoro, tsufa ya fara kama ni. Tsufa! A lokacin fa ko furfura ɗaya babu a gemuna. Ya kwashe takardunsa ya kai wa wani yaro da ya yi masa alkawarin rabin kuɗi.

Ranar duba kaya aka fasa kwantena, jami'in ya sa aka buɗe kwali biyu, ya ɗauki ƙafa huɗu ya soka a saman tebur, ya jawo kujera ɗaya ya zauna, ya ɗora takardunsa a kan teburin ya ci gaba da rubutu. Ko magana bai yi ba. Me zai ce? Aka buga masa takardar cikon kuɗi, aka koma gyaran takardu tun daga banki, kwantena na zaune kuɗin jinkiri na hawa kullum, na kamfanin jirgi daban, na tasha daban. Yaron ya kashe waya. Wa aka kira da tsakar dare? Ni matsoracin. Na bar harkokina na hau motar dare zuwa Legas, na kwana huɗu ina zirga-zirga. Kuma har yau da nake muku maganar nan kuɗin motata bai ba ni ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, Allah ya sani. Abin da ya tsaya min a rai, bayan an fito da kaya sai na ji yana gaya wa mutane a wajen ɗaurin aure wai ni ban yi masa bayani sosai ba tun farko. Ni! Da na buɗe masa littafin na ɗora yatsa a kan layin. Har kujerun na gani a bikin 'yar ƙanwata, na zauna a kan ɗaya, shinkafar ma kasa cin ta na yi. To, bar wannan, ya wuce.

Ina muka tsaya? Yawwa, babi na 94. A cikinsa gida biyu ne suka shafe ka. 9401 na abin zama ne, kusan kowane iri, har wanda ake miƙarwa ya zama gado. 9403 kuma na sauran kayan ɗaki, tebur, kabad, da makamantansu. In tebur ne na roba, lambarsa 9403.70, an ambaci roba ƙarara. In kujera ce ko benci na roba zalla, babu gidan da aka rubuta roba a ƙarƙashin 9401, sai ta faɗa 9401.80, sauran abin zama. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ga kalmar roba a 9403.70 su kai kujera can. Kujera ba ta zuwa can.

To naka mai fuska uku fa? A nan ake duba mene ne asalin abin, wato da wane aiki ya amsa sunansa. Ka tambayi kanka, mai saye in ya shigo shagonka me zai ce a ba shi? Benci zai ce. Yana da majingina, yana da wajen ɗora hannu, tsayinsa na zama ne. Akwatin da ke ƙasa ƙari ne, kamar aljihu a jikin riga. Aljihu ba ya mayar da riga jaka. Saboda haka benci mai akwati, 9401.80, ban da shakka. Juyewarsa zuwa tebur ce ke da ɗan aiki. In aiki biyu suka yi kunnen doki, ba a iya cewa wannan ne babba, ƙa'ida ta uku ta ce a ɗauki lambar da ta zo ƙarshe a jeri, ka ga 9403 ke nan tunda tana bayan 9401. Don haka sai ka sa 9403... a'a, tsaya, kar in yi maka gaggawa. Ba a tsallakawa zuwa wannan matakin sai matakan da suka riga shi sun gaza. Kuma 9403 cewa ta yi sauran kayan ɗaki, ma'ana waɗanda ba su sami gida a baya ba. In abin nan ko an juya shi tebur har yanzu akwai wajen zama a jikinsa, kuma yawancin ranakunsa a benci yake, ni a 9401 zan tsaya, kuma zan iya kare ta. Amma in akwati ne babba mai murfi, babu majingina, kawai an ce murfin na iya ɗaukar mutum, wannan ba benci ba ne, kayan ajiya ne, ya fi kusa da 9403.70. Shi ya sa nake son ganin hoto, ba sunan da aka yi masa a talla ba. Sunan talla ba ya cikin littafi.

Wani abu kuma, ka tabbatar roba ce har ciki. Akwai waɗanda ake saƙawa da igiyar roba kamar kaba, ka gan su kamar na gargajiya, amma ƙashin ciki ƙarfe ne ko alminiyam. In abin zama ne irin wannan, ƙashin ake bi, sai ya koma gidan masu ƙashin ƙarfe, 9401.79, ko 9401.71 in an yi masa ɗinki da soso a jiki. Ka sa a juya shi a ɗauko maka hoton ƙasansa.

In kuma ka ce za ka cika kwantenar da lemar lambu, ita ba ta babi na 94 ko kaɗan, 6601 ce, layinta daban a Fam M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki. Kushin da ya zo da bencinsa a kwali ɗaya yana bin benci. In ka sayo ƙarin kushin su kaɗai, 9404 ne. Kar ka dunƙule su duka a layi ɗaya don ragin rubutu.

Maganar nawa za ka biya, wadda na san ita ce ta hana ka barci. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a Janairun 2015 mataki biyar ne: sifiri, kashi 5, 10, 20, da 35. Kayan da aka gama ƙerawa, na mai saye ya kai gida, a kashi 20 suke zama. Sai VAT kashi 7.5 a kai, da sauran ƙananan caji. Amma kayan ɗaki kaya ne da gwamnati ke sa wa ido saboda masana'antun gida, ga masu yin kujerun roba nan a Kano da Legas, don haka kafin ka tura ko sisi ka sa ejan ɗinka ya duba lambar nan mai goma a tsarin kwastam na ranar, ya ga ko akwai ƙarin haraji ko wani takunkumi a kanta. Kun tuna 2015 da Babban Banki ya fitar da kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kayan ɗaki na ciki, kayan roba ma na ciki, sai a Oktoban 2023 aka janye. Wato a wancan lokacin ko ka gudu daga 94 zuwa 39 ba ka tsira ba. Abin dariya, mutumin nawa na kujerun biki... a'a, na ce na bar shi.

In kayan da yawa ne kuma za ka riƙa maimaitawa, yanzu akwai hanyar neman hukunci tun kafin kaya su taso, tana cikin dokar kwastam ta 2023. Ka kai hoto da bayanin abin, su ba ka lamba a rubuce, ranar duba kaya ka ajiye takardar a gabansu. Yana ɗaukar lokaci, don haka ba ranar da jirgi ya taso ake fara shi ba.

Yanzu dai ka ce wa mutumin naka kar ya buga takardar ƙarshe tukuna. Ya rubuta abin da sunansa, benci na roba mai ma'aji, da irin robar, ba kayan roba kawai ba. Ka turo min hoto uku ta lambata, ba a nan ba: a rufe, a buɗe, da kuma a juye yana tebur, da na ƙasan nan da na ce, huɗu ke nan. Direba, nan ne, tsaya a bakin masallacin. Sai na gani, ƙanena.