Hukuncin zuwa iyo a gurbin kogin ƙauye

Tambaya: Malam, ni da abokaina mukan fita daga Kano lokacin zafi mu je wani ƙauye a gefen Wudil, inda kogi ya yi gurbi mai zurfi, mu yi iyo mu wuni. Babu banɗaki a wurin, masallaci kuma da ɗan nisa. Wani ya ce mana wannan shashanci ne. Ya halatta? Me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, iyo halal ne. An ruwaito hadisi a wajen Nasa'i da ya ambaci koyon iyo cikin abubuwan da ba a lissafa su a wasan banza. Wanda ya ce muku shashanci ne bai yi daidai ba, sai in ya ga wani abu a yadda kuke yin sa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganarka ta rashin banɗaki, domin nan ne laifin yake shigowa. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a kiyayi abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hani a kan yin fitsari a ruwan da ba ya gudu sannan a yi wanka a cikinsa. Gurbi da rani kusan wannan hukuncin yake ɗauka, tunda ruwan ya kwanta. Ku kun zo shan iska ne, da yamma za ku hau mota ku tafi. Amma yarinyar da ta zo da tulu da sassafe, da Bafulatanin da ya kawo shanunsa, da mai lambun da ya jefa tiyon injinsa a ciki, su ruwan nan rayuwarsu ce.

Likitoci ma sun bayyana mana wani ɓangare na hikimar hanin. Tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, haka take yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Don haka fitsari a gurbin da mutane ke amfani da shi haramun ne a wurina, saboda cutarwar tabbatacciya ce, kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya dawo, ya je asibiti, akwai magani.

To, ina mafita? Kafin ku tuɓe riga, ku shiga gari ku gai da mai unguwa. Ku tambaye shi inda baƙo zai kama ruwa, da inda masallaci yake, da asibitin da ya fi kusa, da wanda za a kira in wani ya nitse. Mutanen ƙauye ba sa hana baƙon da ya yi sallama masai. In larura ta matsa, mutum ya ɗauki buta ya yi nisa da gaɓa, ya kauce wa inuwar da ake hutawa, ya tona ya binne. Abinci kuma ku saya a wurinsu in akwai, ledojin ruwa da kwalabe ku dawo da su a jaka.

Sai maganar rai. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Kogin Wudil ana haƙar yashi a cikinsa. Za ka ga ruwa iya gwiwa, ka ƙara taku biyu ƙasa ta ɓace maka, saboda ramin da aka cika tifa daga gare shi. Ruwan kuma yana iya ƙaruwa in an saki madatsar Tiga ko ta Challawa, ko an yi ruwan sama can sama alhali ku rana kuke gani. Masunta da Sarkin Ruwa sun san waɗannan wuraren, tambayarsu abu ne mai kyau. Amma in an ce sai an yi yanka ko an jefa wani abu don mutanen ruwa, wannan bai halatta ba, ku bar wurin. Wanda bai iya iyo ba haramun ne ya faɗa zurfi don kada abokai su yi masa dariya, kuma wanda ya zuga shi yana da kaso a zunubin.

Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ku sa wando mai kauri wanda ba ya bayyana jiki in ya jiƙe. Ku nisanci inda mata ke wanki da wanka, kada kuma a ɗaga waya ta wajen. Mai janaba kada ya tsunduma cikin kwantaccen ruwa, ya ɗiba ya yi wanka a gefe, kamar yadda Abu Huraira ya bayyana a ruwayar Muslim. Salla kuwa, in masallaci ya yi nisa, ku yi alwala ɗayanku ya ja ku a kan yashi mai tsarki cikin lokacinta.

Wallahu a'alam.