Amsa ga Maman yaron da allurar fakta ta daina tsayar masa da jini

Ƴar uwa, sannu da wannan jarabawa. Kin ce yaronki na da himofiliya A, ciwon rashin tsayawar jini, kuma allurar fakta 8, sinadarin daskarar da jini da jikinsa ya rasa, ta daina yi masa aiki, likita ya ce inhibita ce, yana so a fara yi masa allura a kai a kai, kina tambaya ko ba wahalar banza ba ce. Wannan tashin hankalin mu ma a gidanmu mun san shi. Wallahi ba wahalar banza ba ce.

Inhibita na nufin garkuwar jikinsa ce ta ɗauki faktar a matsayin baƙo, tana kashe ta. Hakan na samun kusan yaro 3 cikin 10 masu himofiliya A mai tsanani, galibi cikin allurai 50 na farko. Maganin shi ne a yi ta ba jikin faktar har ya saba ya daina faɗa da ita, kuma kusan 7 cikin 10 suna dacewa. A tsarin allurar akwai mai yawa, yunit 200 kan kowane kilo kullum, akwai mai sauƙi, yunit 50 kan kilo sau 3 a mako. A mai sauƙin, yaro mai kilo 15 ke nan yunit 750 kowace allura. Mai sauƙin ta fi jan lokaci kuma zubar jini ya fi yawa a cikinta, amma ita ce ta fi dacewa da ƙarfinmu.

Abin da ke ɓata aikin shi ne yankewa. Ana iya shekara 1 zuwa 3 ana yi. Kafin a fara, ki zauna da likita a lissafa kwalaben wata-wata, a san daga ina za su riƙa zuwa Damagaram. A watannin farko awon Bethesda, wato gwajin jinin da ke nuna ƙarfin inhibitar, kan hau kafin ya sauka, kada ki firgita ki tsaya. Ana cewa an dace in ya sauka ƙasa da 0.6, faktar kuma tana kai sama da awa 6 kafin rabinta ya ƙare a jini.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu shagon magani da ke miƙa wa uwa diklofenak ko asfirin don gwiwa ta kumbura. Yaro yana kuka tsakar dare, gwiwa ta yi zafi ta cika tam, ya kasa miƙe ƙafa, sai a ba shi abin da zai ƙara zubar jinin! Wani ma har ya soka masa allura a ɗuwawu. Ga dangi suna cewa a kai wa wanzami ya yi ƙaho ya fitar da mataccen jini. Don Allah kada ki yarda, ko da kakarsa ce ta ce. Farasitamol kawai, da ƙanƙara a cikin tsumma. Kaciya ma a dakata.

In jini ya ɓalle yanzu, NovoSeven ko FEIBA ake nema, allurai masu tsayar da jini ko da akwai inhibita. Ki tambayi likita kan Hemlibra, wadda ake yi ƙarƙashin fata, tana rage zubar jini sosai, sai dai haɗa ta da FEIBA mai yawa na iya daskarar da jini a jijiya.

Kwalaben kuma a firigo, digiri 2 zuwa 8, kada su daskare. Da zafin nan da ɗauke wuta, ki tanadi kula da ƙanƙara. In an sa masa bututu a ƙirji don allurar, zazzaɓi ko ja a wurin, asibiti nan take, don ƙwayar cuta a bututun tana mayar da aikin baya.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ƙara miki juriya.